Kujerar Direba

Da 'yarsa ta matsa masa ya zo ƙasar da take aiki don likita ya duba masa gwiwa, Fasinja bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai zo, amma da motar.

"Wace mota, Baba?"

"Mota nawa gare ni?"

Ya san tana yin abin da 'ya'ya ke yi, tana auna ko tsufa ya fara taɓa kan mahaifi. Sannan ta ce a can akwai jirgin ƙasa, akwai bas, ga tata motar, kuma 'yan watanni ne kawai zai yi. Ya ce ya sani, ya karanta. Duk abin da za a gaya masa a duniya ya riga ya karanta shi. Rabin rayuwarsa a laburare ya yi shi yana jera littattafan da ba mai ara, kuma abin da ya fito da shi daga can ke nan, sai ɗan tari.

Matarsa ce ta sa masa suna Fasinja, sunan kuma ya bi shi har ya kori na yanka. Nas ce ita, gajeruwa, da ƙyar kanta ke kai masa kafaɗa. Ita ta sayi motar, ita ke tuƙa ta. Shi aikinsa ya zauna a gefe da littafi yana karanta mata a bayyane, tana katse shi tana zagin masu babur. Yana kiranta Direba. Maƙwabta sun yi dariyar namijin da mace ke ja har suka gaji, ya bar su da abinsu, don a cikinsu bai ga wanda matarsa ke sauraronsa daga gida har wurin aiki ba.

Bayan ta rasu ya shiga makarantar koyon tuƙi, a shekarun da tsararrakinsa ke miƙa wa 'ya'yansu makulli. Ran da ya fara zama a mazauninta, gwiwoyinsa suka daki ƙasan sitiyari. Ya kai hannu ƙarƙashin kujera zai ɗaga ƙarfen da ake zuge ta baya, sai hannun ya tsaya. Ita ce ta ƙarshe da ta taɓa ƙarfen nan. Tufafinta an raba, gadonta na asibiti an ba wani tun kafin ya huce, ko kofin shayinta wata baƙuwa ta wanke ta sha ruwa da shi. Kujerar nan kaɗai ta rage a inda hannunta ya ajiye ta. Ya janye hannunsa. Tun daga ranar yake tuƙi a naɗe kamar laima, gwiwa a ƙirji, shekara ta uku ke nan. Bai gaya wa kowa ba. Mutane suna ganin dogon tsoho a dunƙule bayan sitiyari, su ce ai a makare ya koya.

To ga shi ana so ya tafi ya bar ta. 'Ya'yan ƙaninsa har sun fara zuwa gaisuwar da ba su saba ba. "Baba, ka bar mana makullin, mu riƙa ɗumama ta kar batir ya mutu." Dukansu dogaye ne, kuma ya san abin da saurayi ke fara yi idan ya shiga motar da ba tasa ba. Ya kulle ta a gareji ya tafi da makullin? Ƙaninsa yana da makullin gidan, yana kuma da aboki makaniki. Ya juya maganar ta kowane gefe, ya ga wuri mafi aminci da zai ajiye kujerar shi ne tsakiyar teku.

Ofishin ejan, mai aika kaya ta jirgin ruwa, yana saman wani shagon tayoyi. Fanka ɗaya, kalanda mai hoton jirgin ruwa, da kujerar baƙi wadda ƙafarta ɗaya ke kan kwali. Ejan ya leƙa ta taga ya ga motar, ya dawo ya zauna yana sosa ƙeya.

"Baba, ba don in kori kasuwata ba, amma wannan baiwar Allah, kuɗin jirginta ya fi ta daraja."

"Ni ma kuɗin jirgina ya fi ni daraja. Ci gaba."

Ejan ya ce hanya biyu ce. Akwai jirgin da motoci ke shiga da ƙafafunsu kamar gareji, shi ya fi sauƙi. Akwai kuma kwantena.

"A na farkon wa ke shigar da ita?"

"Direbobin tasha. Ƙwararru ne, ko ƙwarzane ba za ka gani ba."

"Kwantena."

Aka yi masa wani ɗan littafi na shiga ta wucin gadi. Ejan ya bayyana masa cewa da shi mota ke zama baƙuwa kamar mutum: a buga mata hatimin shiga, a sa mata ranar fita, ba a sayar da ita, ba a ba da ita kyauta, ba a biya mata harajin zama. A wanke ta sarai har ƙarƙashi, a bar mai kaɗan a tanki, kar a bar kaya a ciki. Fasinja ya yi duk wannan. Sannan ya yi abin da ba a ce ya yi ba: ya samo wayar ƙarfe da filaya, ya kwanta a ƙasan gareji rabinsa cikin mota, ya ɗaure ƙarfen kujerar tamau, ya murɗe bakin wayar ya lanƙwasa shi ciki.

A sito ya dage shi zai shigar da ita kwantena da kansa. Ya shigar da ita lafiya, sai ya tarar ƙofa ba ta buɗuwa, bango ya tare ta. Ma'aikatan suka ce ta baya ake fita. Haka ya haura kujeru ya ratsa ta but, ƙafa ta fara fitowa, sannan sauran dattijon. Wani ya tafa masa. Suka ɗaure tayoyin da igiyoyi, suka cire kan batir, suka rufe ƙofar ƙarfen suka maƙala mata hatimi. Ya tsaya yana kallon kwantenar, a ransa yana cewa wannan ne karo na biyu da ya ga an rufe Direba a wuri mai duhu, wannan karon dai an ba shi rasit.

Shi ya riga motar isa, ta jirgin sama. 'Yarsa ta sauke shi a ɗan ɗakin da take guga, tsakanin akwatuna da keken motsa jiki da ya zama wurin rataye riguna. Tagar tana kallon filin ajiye motoci. Tana fita da sassafe, ta dawo a gajiye, ta tambaye shi ko ya ci abinci tana kallon waya. Ba ta yi masa laifin komai ba. Tsawonsa ta ɗauko, da shirunsa, kuma mutum biyu masu shiru a gida ɗaya ba sa faɗa, ba sa hira. Wadda ke cika musu tsakani da surutu ita ce ba ta nan.

'Yar ta saka masa wani abu a waya da ke nuna inda jirgin ruwan yake. Ɗigo ne a kan shuɗi. Yakan zauna bakin gado da littafi a buɗe a cinya, idonsa na kan ɗigon. Wani lokaci jirgin ya tsaya a tashar da ba ruwansa da ita, ya yi kwanaki, kamar mai ziyarar dangi.

Likita ya ɗora hoton gwiwar a kan allo mai haske, ya karkata kai.

"Abin mamaki, ɗayar lafiyarta lau. Wannan kuwa kamar an daɗe ana matse ta. Kana yawan zama a ƙuntataccen wuri?"

"Karatu nake yi."

"A cikin akwati?"

'Yar ta yi dariya. Fasinja ya ce likitan nan ya yi asarar sana'a, da barkwanci ya kama.

Ran da aka kira shi tashar jiragen ruwa, 'yar tana da taron da ba ya ɗaguwa. Ta sa shi a tasi, ta cusa masa takardu a jaka, ta ce ya kira ta idan an sami matsala. Rumfar kwastam babba ce mai sanyi, an ja layuka rawaya a ƙasa, kowa na tafiya a kansu kamar an yi masa gargaɗi tun yana yaro. Ya miƙa littafin ta taga, aka ba shi lamba, ya zauna a benci tare da wasu da ke jiran kayansu. Ba wanda ya yi wa wani magana. Can aka yanke hatimin kwantenar a gabansa. Wani ƙaton ma'aikaci ya kutsa ciki ta but, aka ji shi yana kokawa da wani abu, sannan motar ta fito da baya a hankali, mutumin a ciki haɓarsa na kan gwiwa. Ya fito yana miƙe ƙugu.

"Dattijo, jikanka ne ke tuƙa wannan?"

Fasinja ya nufi ƙofar direba. Ya duƙa ya leƙa. Wayar ƙarfen na nan yadda ya murɗe ta. An haye teku da kujerar, ba ta gusa ba. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta, sai da ya dafa rufin motar.

Jami'ar da ta zo duba ta mace ce mai furfura a gefen kai, tabarau na rataye a wuyanta, tocila a hannu. Ta gaishe shi, ta zagaya motar, ta shafa ƙarƙashin taya ta duba yatsanta. Ta buɗe gaba ta karanta lambar inji, ta gwada da littafin, ta yi alama. Ta leƙa ɗan ƙarfen da ke manne a ƙasan gilashin gaba, ta sake duba littafin.

"Saura lambar shasi," in ji ta.

"Ba ita kika karanta yanzu ba, ranki ya daɗe?"

"Wannan faranti ne, kowa na iya manna shi. Wadda aka buga a jikin ƙarfen motar nake so. A irin wannan, tana ƙasa, ƙarƙashin kujerar direba. Ja mana ita baya."

Ya karanta littafin motar daga bango zuwa bango, har da shafin da ke bayanin yadda ake canza fitila. Ya tuna shafin lambar sarai, da ɗan zanen kibiya. Bai taɓa kawowa cewa wata rana wani zai bi kibiyar ba.

Jami'ar ta riga ta durƙusa, ta haska. "Wa ya ɗaure wannan?"

"Ta lalace ne."

"Idan kujerar direba ta lalace, motar ba za ta hau titinmu ba."

"To ba ta lalace ba."

Ta ɗago ta saka tabarau ta dube shi da kyau. Wayar ƙarfe a ƙarƙashin kujera, a wurin aikinta, ma'ana ɗaya gare ta, kuma ya ga tana auna ko yana da fuskar masu ɓoye kaya. Ya ga ba shi da wata ƙaryar da ta fi gaskiya araha.

"Matata ce ta ja ta nan. Ta rasu. Ba a taɓa ta ba tun lokacin."

Abin da bai gaya wa 'yar cikinsa ba, ga shi ya gaya wa kwastam. Da ma an ce a bayyana duk abin da aka shigo da shi.

Jami'ar ta ce Allah ya jiƙanta. Ba ta ƙara komai a kai ba, ya kuwa gode mata a ransa. Ta ɗaga bakin dardumar da yatsa ta cusa tocila, ta kwantar da kunci a kan ƙofa. Ta aika aka kawo ɗan madubi mai doguwar sanda. Ta zura wayarta ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka. Rabin lambar ya fito, sauran na ƙarƙashin ƙarfen da kujerar ke gudu a kai. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.

"Dattijo, ba zan sa hannu a kan lambar da ban gani ba. Ko a ja kujerar, ko motar ta koma kwantena ta jira jirgin da zai mai da ita. Kuma can ma idan ta isa, za su nemi lambar nan."

Wato ko ya gudu, kibiyar na jiransa a gida. Ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ya koma benci ya kira 'yarsa. Wayar ta yi ta ƙara, sannan saƙo ya shigo: tana cikin taro, lafiya? Ya daɗe yana kallon kalmar. Ya rubuta "lafiya", ya mai da wayar aljihu. A gefensa wani mutum na cin biskit a hankali, yana rufe baki da hannu kar ƙarar ta dami jama'a.

Da ya dawo, jami'ar na riƙe da alƙalami mai farin fenti, irin wanda suke rubutu da shi a jikin akwatuna.

"Ga dabara. Mu ja layi a inda take. In mun gama ka mai da ita daidai wurin, ko gashi ɗaya ba za ta kauce ba."

Dabara ce mai kyau. Ya karɓi alƙalamin ya ja layin da kansa. Ƙaton ma'aikacin ya kawo filaya zai yanke wayar, Fasinja ya karɓe ta. Ya warware ta murɗa bayan murɗa, kamar ba wanda ke jira. Sannan ya zauna, ya kama ƙarfen ya ɗaga. Kujerar ta ƙi. Ya tokare ƙafa ya tura, ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta tafi da shi baya. Ƙafafunsa suka miƙe. Gwiwar ta saki wani irin numfashi da ya ji kunyarsa.

A ƙasan ba komai sai ƙura da murfin biro. Jami'ar ta goge wurin da babban yatsa, ta karanta lambar a bayyane, harafi bayan harafi, ta gwada da littafin. Daidai. Ta buga hatimi, ta yage rabin shafi ta ajiye, ta nuna masa ranar da motar za ta bar ƙasar.

"Sharaɗin ɗaya ne. Yadda ta shigo, haka za ta fita."

"Wannan kuma ya wuce, ranki ya daɗe."

Ta ɗauka wasa yake, ta yi murmushi. Ya ja kujerar gaba har ta hau farin layin, ta faɗa gurbinta da ƙas. Ba ta kauce ba ko gashi ɗaya, kamar yadda aka yi masa alkawari.

Ya fita tashar a naɗe kamar kullum, gwiwa a ƙirji, wayarsa na gaya masa inda zai juya. Titunan masu faɗi ne, ba mai babur ko ɗaya da za a zaga. Tun kafin ya kai gada ta farko ya gane abin da farin layin bai iya riƙewa ba. Wurin dai shi ne. Amma kujera ce da wani tsoho ya ja gaba ɗazu a rumfar kwastam, gaban shaidu biyu. Gwiwar ta ci gaba da ciwonta, sai dai yanzu ciwon gwiwa ne kawai, irin wanda likita ke rubuta wa magani.

A filin da tagarsa ke kallo ya tsaya ya kashe inji. Ya ɗan zauna. Sannan ya kai hannu ya ɗaga ƙarfen, wannan karon ba ta yi gardama ba, ta zuge har ƙarshe. Ya fita, ya zagaya, ya shiga ɗaya gefen. Nan ba abin da ya canza. Kujerar ta san bayansa. Ya ciro littafi daga aljihun kwat ya ɗora a cinya bai buɗe ba. Mutane suka yi ta dawowa daga aiki, kowa ya kulle motarsa ya shige, ba wanda ya dubi baƙuwar lamba.

Da yamma 'yarsa ta ƙwanƙwasa gilashi, jaka a kafaɗa.

"Ikon Allah, ta iso. Baba, me kake yi a gefen fasinja?"

"Sunana ke nan. Shigo ki ja mu."

"Ina za mu?"

"Ki zagaya kawai."

Ta jefa jakar baya ta shiga. Ƙafafunta suka sami totur da birki ba tare da ta taɓa komai ba, tsawonsu ɗaya. Ta shafa sitiyarin, ta ce har yanzu yana da santsin nan. Ta tada inji. Sannan ta ɗaga ido, ta ɗaga hannu, shi kuma sai a lokacin ya tuna da madubin. Bai ɗaure shi ba, bai ja masa layi ba, bai ma taɓa lissafa shi ba. Shekara uku yana waiwayawa da wuya don ba ya ganin hanya a cikinsa. Ya buɗe baki, ta riga ta murɗa shi.

"Wa ke tuƙi da madubi haka? Ba abin da ake gani sai kujerar baya."

"Nan kike zama," in ji shi.

Ba gaskiya ba ce. Gajartar uwarta ce kawai. Daga inda idon Direba yake, hanya ake gani. Amma hannun 'yar bai sauka daga madubin da wuri ba, shi kuma bai gyara maganar ba.

Suka fita titi. Ya buɗe littafin inda ya tsaya, ya gyara murya zai fara. Wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta ce, "Yi haƙuri, Baba, ofis ne," ta saƙala abin ji a kunne. Ya jira ta gama. Da ya ga maganar mai tsawo ce, ya sa yatsa a kan layin ya ci gaba, leɓɓansa na motsi.